Gurbin da ke Cikin Waƙar Hadjara

Safa, Jidda
4 ga Rajab

Zuwa ga Inna Fatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida da duk 'yan Birni. Yaya ƙafar? Maigidana Othman yana gaishe ki. Kin ga na bi dokarki: tunda kin ce kunnenki ya yi ritaya tare da ke, ban turo murya ba, na rubuta da hannuna, zan ɗauki hoton takardar in turo. Idan Hausar ta karkace ki yi haƙuri, ki ajiye jan biron nan naki na malamar lakwal, ba makaranta muke ba. A Jidda aka haife ni, ba laifina ba ne.

Ina da albishir, ina kuma da kuka. Bari in fara da albishir.

Kin tuna kwalin faya-fayan da marigayi Abuya ya kawo daga tashar jiragen ruwa ina shekara tara? Ruwa ya jiƙa kwalin, mai kayan ya ce a zubar, shi kuma ya saɓo shi a kafaɗa har unguwarmu Mahjar. Duk kiɗan katun ɗin Japan ne, fina-finan nan na zane da yara ke kallo. Ba mu iya karanta ko harafi ɗaya a jikinsu ba, da hoto muke gane su: mai jirgin sama, mai yarinya da jar laima. Na saurare su har suka fara tsalle. Su suka sa na karanci aikin sauti, su suka kai ni situdiyon da nake yanzu, inda muke sa wa katun muryar Larabci.

To, wani kamfani a Japan yana yin katun a kan wata tsohuwar tashar jiragen ruwa da mahajjatan da suke sauka a cikinta zamanin da. Suka nemi a tura musu sautin garinmu, aka ba ni aikin. Wata biyu ina yawo da na'ura, ina ɗaukar ƙarar sarƙa da tsuntsayen teku da hayaniyar kasuwar kifi. Wata safiya na je Mahjar na tarar Ummi tana suyar masa, tana wannan waƙar tata ta rijiya da tulu. Na'ura tana jakata, sai na danna. Ban gaya mata ba, kuma na san na yi laifi.

Mai tsara musu kiɗa wata dattijuwa ce, ta kusa saba'in. Da na bincika, ashe ita ta tsara biyu daga cikin faya-fayan kwalin Abuya. Wallah, Inna, sai da na sake duba sunanta sau uku. Ta rubuto cewa cikin sauti ɗari uku da na tura, waƙar Ummi ce ta hana ta sakat. Ta ɗora mata sarewa da goge irin nasu. Tana so ta zama waƙar rufe kowane kashi, ta kuma zama ta ƙarshe a faifan kiɗan da za su fitar. Sunana zai fito a ɗan littafin da ake sawa cikin faifan. Ni, 'yar Abdoulaye mai sauke kaya!

Ta yi mini tambaya ɗaya. Ta ce a ƙarshen kowane layi mai waƙar tana yin shiru na bugu biyu, kuma a kan wannan gurbin ta gina duk kiɗan, me yake nufi? Na ce mata numfashi take ja.

Yanzu ga kukan. Ba za su sa waƙar ba sai Ummi ta sa hannu a takarda kafin ƙarshen Rajab. Na kai mata, na kunna mata. Ta saurara har ƙarshe, ta juya masarta, ta ce, "Ke, ɗauke wannan abin daga gabana."

Ke. Shekara ashirin da takwas ni ce "ke", ni ce "yarinyar nan". Ƙanena Muath kuwa, da gemunsa da komai, sau ashirin a wuni ake kiran sunansa. Na san za ki ce haka ake yi wa 'yar fari, na ji, halas, shi ke nan. Amma ƙawata Manal, ranar da ta gama jami'a uwarta sai da ta tara unguwa. Ni ban taɓa jin Ummi ta ce na yi abin kirki ba. Ina ganin kunyar aikina take ji, a ce 'yarta mai kiɗan yara ce. Abin yana mini ciwo, Inna, fiye da maganar faifan.

Ki yi mata magana, ke ce yayarta, ke kaɗai take ji. Allah Ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Shahad

Mahjar, Jidda
9 ga Rajab

Yaya Fatu,

Sallama da gaisuwa ta girmamawa. Yaya jiki, yaya sanyi? A gaishe da ɗanki Alkasim da iyalinsa, a ce na ga barkonon da suka aiko, Allah Ya saka.

Na ga saƙonki. Dama na san ta riga ni kai ƙara. Yaran nan na Jidda ba su iya ajiye magana a ciki ba, sai sun zazzage ta.

Yaya, yarinyar nan ta sace mini murya. Ina tsugune gaban tanda, ko ɗankwalin kirki babu a kaina, ashe an kunna mini na'ura a jaka, an kai ni Japan ban sani ba. Ni da sai na nuna iƙama, takardar izinin zama, kafin in shiga asibiti, ga muryata ta ƙetare teku ba biza.

Amma tsakanina da ke, abin ya yi daɗi. Da sarewar nan ta shigo a bayana, sai da na ƙona masa huɗu. Kada ki gaya mata.

Wai ina kunyar aikinta. Wa ya riƙe kwalin faya-fayan nan lokacin da muka yi ƙaura sau uku, har na bar tukunyar tuwona ta biki don ya samu wuri a mota? Ɗan maƙwabciyata Khairiyya ya taɓa kai saƙo wurin aikinsu, ya dawo yana ba da labari a bakin shagona. Wai maza takwas ne a ɗakin, ita ke zaune gaban tebur mai maɓalli kamar dubu, in ta ɗaga yatsa kowa sai ya yi tsit. Na ce masa ya ci masarsa ya bar surutu. Ranar ko abincin rana ban nema ba, na ƙoshi.

Kin san waƙar, Yaya, ta Innarmu ce. Kin san abin da ke cikinta da abin da ba a faɗa. Bajapaniyar nan ban san wa ya gaya mata ba, daidai wurin da nake yin shiru ta kashe duk kayan kiɗanta, ta bar wurin a fili, ko kurma sai ya lura. Matan Damagaram nawa ne a Mahjar? Jikokinsu duk katun suke wuni kallo. Ranar da Hadiyya 'yar garinmu, mai kwashe-kwashen zance, ta ji wannan a talabijin, kafin la'asar magana ta kai Zangon Damagaram: Hadjara ta tsufa ta zubar da kunya, ta hau duniya tana shelar 'yar fari. Innarmu ba haka ta rene mu ba.

Ba zan sa hannu ba. Ki lallashe ta, ke kika iya kalamai. Tana da aiki, tana da miji nagari, wani faifan zai zo.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Hadjara

Birni, Damagaram
13 ga Rajab

'Yata Shahad,

Amin wa alaikumus salam. Mun gode Allah, ƙafa da sauƙi. Takardarki ta iso, na karanta sau biyu, na farko don labari, na biyu da jan biro. Kuskure bakwai kawai na samu. Na koyar shekara talatin da ɗaya, na ga 'yan Birni haifaffu da suka fi haka ɓarna.

Barka, barka, barka! Na sa Alkasim ya karanta wa duk gidan albishir ɗinki, har mai kawo mana ruwa bai tsira ba. Da Abdoulaye yana raye da ya ce ba a banza ya ɗauki jiƙaƙƙen kwali ba.

Yanzu ki gyara zama, zan gaya miki abin da uwarki ba za ta taɓa gaya miki ba, ko da za ta yi fushi da ni.

Kin ba Bajapaniyar nan amsar da ba daidai ba. Ba numfashi uwarki take ja ba. Waƙar ta kakarki ce, ita ta ƙirƙire ta a hanyar rijiya, kuma 'ya mace kaɗai ake yi wa, shi ya sa ba ki taɓa jin an yi wa Muath ba. Ga yadda take:

Na je rijiya na dawo da ke,
Tulu a kai, ke a baya,
Rana ta yi, ni ban ji ba,
Cikin na kowa ke ce tawa.

A ƙarshen kowane layi ana kiran sunan yarinyar. Idan kakarki tana goye da uwarki, sai ki ji "Tulu a kai, ke a baya, Hadjara," da ƙarfi har maƙwabta su ji. Ni kuwa 'yar fari ce kamarki. Idan tawa ce, sai ta zo wurin sunan ta yi shiru, ta wuce. Har ta koma ga Allah ban ji "Fatu" a bakinta ba.

Kada ki ɗauka ban ji zafi ba. Na ji, na yi kuka a bayan rumbu ba sau ɗaya ba. Ranar da na karɓo takardar malanta, na shigo da ita a hannu, ko kallona ba ta yi ba. Ta sa aka yanka zakaranmu guda ɗaya tilo, ta ce wa mutane wai cararsa ce ta dame ta. A ranar na fara gane yarenta.

Ga aikin gida, tunda ke ce mai na'ura. Sunan uwarki bugu uku ne, kuma da ukun ta koyi waƙar. Ke kin ce gurbin da take bari bugu biyu ne. Ki auna, ki ga sunan wa zai zauna a ciki. Ki kuma tambayi kanki, mace mai shekara hamsin da biyar, ba goyo ba jika, wa take yi wa waƙar goyo kullum safiya a gaban tanda?

Ba aikinki take kunya ba. Duk macen garinmu da ta ji waƙar za ta gane abin da ke cikin gurbin, kuma a wajen uwarki wannan daidai yake da ta tsaya a kasuwa tana ihun tana son ki. Ban ce ta yi daidai ba, ban ce ta yi kuskure ba. Na gaya miki ne don ki san me kike roƙo.

Ki gaishe da Othman. Allah Ya yi miki albarka.

Innarki,
Fatu

Safa, Jidda
19 ga Rajab

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwar jinkiri. Kwana uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Na yi aikin gidan. Na buɗe waƙar a kwamfuta na auna gurbin. Sau goma sha biyu ya zo, duk tsawonsu ɗaya, ko ni da nake aikin ba zan iya daidaita haka ba sai da na'ura. Na ɗauki muryata ina faɗin sunana, na ɗora a ciki. Ya zauna cif, ba ragi ba ƙari.

Sai na yi abin da ba ki sa ni ba. Na cire ƙarar mai da ta tanda, na ɗaga sautin gurbin har ƙarshe. Inna, ba shiru ba ne. Akwai iska 'yar kaɗan, ta farkon sunana, sannan leɓe ya motsa ya rufe. Tana faɗa, muryar kawai take hanawa. Abokin aikina Mish'al ya shigo ya same ni ina kuka da abin sauraro a kunne, ya zaci na goge aikin wata guda.

Washegari na je Mahjar. Ban ɗauki takarda ba, ban ɗauki na'ura ba. Ta dube ni ta ce, "Ke, kin rame. Mijin naki ba ya cefane ne?" Ta zuba mini masa tara. Na cinye duka, ni da huɗu ke isata.

Jiya na rubuta wa dattijuwar. Na gaya mata gaskiya, cewa na ɗauki waƙar ba izini, na kuma gaya mata ma'anar gurbin. Na ce a cire ta. Ta amsa da safen nan. Ta ce ta yi baƙin ciki, amma ta fahimta, wai su ma tsofaffinsu ba komai suke furtawa ba. Za ta sa wani kiɗan a wurin. Sunana ba zai fito a ɗan littafin ba, sunan situdiyo kawai za a rubuta. Takardar tana nan a aljihun teburina har ƙarshen wata, daga nan halas.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ina son faifan nan. Tun ina shekara tara nake mafarkin in buɗe irinsa in ga sunana. Amma shekara ashirin da takwas Ummi tana ajiye mini wannan abin a rufe, ba ni zan buɗe shi a gaban Hadiyya ba. Na ajiye kwafi ɗaya a wayata, ya ishe ni. Kuma, Inna, yau tafiya nake kamar an ƙara mini tsawo.

Kada ki gaya mata na sani. Allah Ya bar mana ke.

'Yarki,
Shahad

Birni, Damagaram
25 ga Rajab

Hadjara,

Gaisuwa da fatan alheri. Mutanen gida suna amsawa.

Ku biyun nan kun maishe ni akwatin gidan waya, kowa ta jefa takarda sai ta ce kada in gaya wa ɗayar. To, na tsufa, ba na iya riƙo. Na gaya mata ma'anar gurbin. Yi fushinki, daga Jidda ba ya ƙone ni.

Kin san abin da ta yi? Ba ta zo ta yi miki kuka ba, ba ta turo mijinta ba. Ta rubuta wa Bajapaniyar da kanta ta ce a cire waƙar, sunanta ma ya fita daga faifan, don kada a yi da ke a Mahjar. Yarinyar da kike cewa ba ta iya ajiye magana ba, ta zo ta ci masa tara a gabanki ba ta ce uffan ba. Ke kika haifa, ke kika rena, ga shi ta fi mu kunya.

Kin ce Innarmu ba haka ta rene mu ba. Ke Innarmu ta kira sunanki har maƙwabta suka gaji. Ni ce na san nauyin wancan shirun, kuma ina gaya miki, zakara ɗaya ya ishe ni rayuwa. Ke ina naki zakaran?

Kwana biyar suka rage. Takardar tana aljihun teburinta a wurin aiki. Ban ce ki yi komai ba.

Yayarki,
Fatu

Mahjar, Jidda
28 ga Rajab

Yaya Fatu,

Sallama. Na gaishe ki, ko da yake ba ki kyauta mini ba.

Jiya na rufe shago da hantsi, abin da ban yi ba tun rasuwar mai gidan. Na sa abayata ta zuwa biki, na tari tasi ni kaɗai. Wurin aikin nasu hawa na huɗu ne, ƙasa sai sheƙi, har ina tsoron takawa.

A bakin ƙofa wani saurayi na zaune bayan tebur. Ya miƙe ya ce, "Ahlan, ya khala, wa kike nema?"

Yaya, ban yi wannan lissafin daga gida ba. Na ce, "Wata yarinya."

Ya ce, "Mata shida ne a nan, ya khala. Sunanta?"

Na shiga gyaran abayata. Ya sake tambaya, har wasu biyu suka leƙo. Sai na ji bakina ya ce da Larabcina na kasuwa, "Wadda ta fi ku duka iya aiki."

Ko tunani bai yi ba. Ya yi dariya, ya faɗi sunanta, ya ce, "Yalla, tafaddali." Ya kai ni har ƙofarta. Shi kansa ya sani, Yaya. Duk ginin sun sani.

Na same ta gaban teburin nan mai maɓallai. Ɗan Khairiyya bai yi ƙari ba. Ta miƙe kamar ta ga aljani. Na ce, "Ke, ina takardar mutanen nan?" Ta ce, "Ummi, ai an fasa." Na ce, "Wa ya fasa? Muryarki ce ko tawa?" Na sa hannu a wuri uku. Na kafa sharaɗi biyu: kada a cike gurbin da komai, kada kuma a rubuta bayaninsa a ko'ina. Mai ganewa ya gane.

Ta kama hannuna za ta fara kukan nan nasu na 'yan Jidda. Na ce ta sake ni, na bar ƙullu a rana. Ta rako ni har tasi.

Hadiyya kuwa ta faɗi abin da za ta faɗa. Nata 'ya'yan wa ya san su a Japan?

Ƙanwarki,
Hadjara

Mahjar, Jidda
11 ga Muharram

Yaya,

Sallama da gaisuwar sabuwar shekara.

Faifan ya iso. An aiko mini nawa cikin kwali, busasshe wannan karon. Na kunna a shago. Da aka zo gurbin, Hadiyya ta ajiye cokali ta dube ni, na dube ta. Ta ce masar yau ta yi daɗi.

A ɗan littafin akwai sunaye biyu a shafin ƙarshe, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Na ba Muath ya karanta mini a gaban mutane. Nawa sau ɗaya ya karanta. Ɗayan sai da ya maimaita sau uku, yana ɗaga murya, don na ce masa ban ji da kyau ba.

Kunnena lafiya lau yake, Yaya.

Kada ki nuna mata wannan takardar. In kuma kin nuna, kada ki gaya mini.

Ƙanwarki,
Hadjara